Ƙafar Inna ta yi sanyi da asuba, rana ta uku aka yanke ta: an yi gaggawa ne?

Wani ɗan'uwa daga wani ƙauye na yankin Tasawa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Mahaifiyarsa mai shekara 58 ta tashi alwalar asuba lafiya lau, sai ƙafarta ta hagu ta kama ciwo nan take kamar an sare ta da gatari. Ƙafar ta yi sanyi, ta kasa takawa. Suka gasa da ruwan zafi, aka shafa man zafi, aka kira wanzami ya yi ƙaho. Da yamma ciwon ya lafa, suka ce an samu sauƙi. Rana ta uku yatsu suka fara baƙi, aka kawo ta Maraɗi, likitoci suka ce jijiya ce ta toshe, suka yanke ƙafar sama da gwiwa. Yana tambaya ko an yi gaggawar yankewa, ko da an wuce da ita Yamai ko Kano da an ceto ƙafar, sannan ko abin zai iya komawa ɗayar.

Ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Zan fara da abin da ya fi ci maka rai. A yadda ka kwatanta, ba a yi gaggawa ba. Ƙafar da ta kwana biyu ta shiga na uku babu jini, yatsu sun yi baƙi, ba ta jin taɓi, ba ta motsi, ta riga ta mutu tun kafin motarku ta shigo Maraɗi. Ko Yamai aka kai ta, ko Kano, ko Faransa, hukuncin ɗaya ne. Lokacin da ake iya ceto ƙafar ya wuce tun ranar farko, tsakanin asuba da azahar. Na san maganar nan da nauyi, kuma ba don in ɗora maka laifi nake faɗa ba. Abin da kuka yi shi kusan kowane gida ke yi, don ba a taɓa gaya wa mutane cewa akwai ciwon ƙafar da ake lissafa shi da awa ba. Na daɗe ina aikin tiyata a garin nan, kuma mafi yawan masu wannan matsala da suka zo hannuna sun zo ne a rana ta biyu ko ta uku, da tabon ruwan zafi a ƙwauri.

Hausa ta haɗa abubuwa da yawa a suna ɗaya, jijiya. Wadda ke kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi jijiya ce, wadda ke dawo da shi jijiya ce, wadda ke ɗaukar saƙon zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa ita ma jijiya ce, har da agarar bayan dunduniya. Shi ya sa in likita ya ce jijiya ta toshe, mutane ke ɗauka irin ciwon jijiyar tsufa ne da ake shafa wa mai. Wadda ta toshe wa Inna ita ce mai bugawa, irin wadda in ka ɗora yatsa a wuyan hannunka za ka ji tana harbawa. Duk wanda ya taɓa shiga gonakin rani na Jiratawa ya ga yadda babbar hanyar ruwa ke rabuwa zuwa ƙanana har ruwa ya kai kowane fegi. In hoge ya faɗa babbar hanya, ruwa zai tafi da shi har sai ya kai mararraba, inda hanya ta tsuke, nan zai maƙale, duk fegin da ke gaba ya bushe. Haka gudan jini ke yi. Inda ya fi maƙalewa shi ne gindin cinya, wurin da babbar jijiyar ƙafa ta rabu biyu, sai kuma bayan gwiwa. Wani lokaci a hannu ne, wajen gwiwar hannu.

Gudan jinin nan kuwa sau da yawa ba a ƙafar aka haife shi ba, baƙo ne daga zuciya. Akwai ciwon da ɗakin sama na zuciya ke daina matsawa yadda ya kamata, sai dai karkarwa. Jini ya riƙa kwanciya a wani lungu na ɗakin, ya daskare, wata rana ɓangare ya ɓalle ya bi jini ya fita. In ka taɓa wuyan hannun mai wannan ciwo za ka ji bugun ba tsari, kamar kiɗan ɗan koyo, biyu da sauri, sai shiru, sai uku. Hawan jini da aka daɗe ba a kula ba yana kawo shi, tsufa ma yana kawo shi. A wajenmu akwai ƙarin dalilai biyu da ke sa muna ganin abin ga mutanen da ba su tsufa ba. Na farko ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a ba maganin da ya dace ba, wanda bayan shekaru yake lalata ƙofofin cikin zuciya, ƙofa ta tsuke, jini ya riƙa taruwa a bayanta. Na biyu raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko na jego, mace ta riƙa haki, ƙafafu su kumbura, ta kasa kwanciya sai a jingine. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi ganin wannan a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin da ake ɗora wa mai jego. Zuciyar da ta yi rauni haka ita ma tana tara guda.

Akwai hanya ta biyu, inda toshewar ke faruwa a wurin ba tare da baƙo ba. Mai ciwon suga, mai shan taba, mai hawan jini, jijiyoyinsu na tara kitse a bango har hanya ta tsuke. Ran da bangon ya tsage, sai jini ya daskare a kan tsagar ya rufe ɗan abin da ya rage. Irin waɗannan galibi sun daɗe da samun gargaɗi: mutum ya kama hanyar masallaci ko kasuwa, sha-raɓa ta ɗaure da ciwo, ya tsaya ya huta ta sake shi, ya ci gaba ta sake kamawa. Tasu toshewar ba ta cika zuwa da zafi irin na Inna ba, don jiki ya riga ya buɗe ƙananan hanyoyin kewaye. Wanda gudan zuciya ya faɗa wa ba shi da wannan tanadi, shi ya sa ciwon yake zuwa lokaci guda har mutum ya iya gaya maka daidai abin da yake yi sa'ad da ya kama shi.

Alamomin ba su buƙatar na'ura. Ciwo mai tsanani da ya zo bagatatan. Ƙafa ɗaya ta yi sanyi ƙarara, ɗayar kuwa da ɗuminta. Ka sa bayan hannunka ka shafo daga yatsu zuwa sama, za ka ji inda sanyi ya ƙare ɗumi ya fara, kamar an ja layi. Tafin ƙafa ya yi fari fat, in ka matsa farce ka saki, ja ba ya dawowa. A nan sai an lura, don littattafan da muka karanta sun fi magana a kan farar fata, mu kuwa baƙar fata ba ta nuna dushewa sosai, ga kuma lalle da iyayenmu mata ke ƙunsawa wanda ke rufe tafi da farce gaba ɗaya. In da lalle, ka bar launi ka riƙe sanyi. Sai minjirya, sai fata ta daina jin taɓi, daga yatsu abin ke farawa. Na ƙarshe, ka ce ta motsa yatsu ko ta ɗago kan ƙafa ta kasa. In an kai nan, lokaci ya kusa ƙarewa.

Jijiyoyin ji su ne ke fara galabaita. Tsoka tana jurewa kamar awa 6, bayan haka ta fara mutuwar da ba ta dawowa. Fata ta fi su jimiri, shi ya sa ƙafa ke iya zama kamar lafiya a ido alhali ciki ya lalace, kuma baƙin da kuka gani a rana ta uku labari ne da ya iso a makare. Yanzu ka duba abin da ya faru da yammacin ranar farko, da ciwo ya lafa kuka yi hamdala. Wannan lafawar ita ce ta fi yaudarar mutane, ita ce kuma ta fi sa ni baƙin ciki in ana ba ni labari. Ba ƙaho ne ya yi aiki ba. Jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ne suka mutu, babu mai kai ƙara. Ƙafa mai sanyi da ta daina ciwo kuma ba ta jin taɓi ta fi mai ihu hatsari.

Ruwan zafi kuwa, hankali ne ya kawo shi: abu ya yi sanyi, a ɗumama. Amma zafi yana sa tsoka ta ƙara neman jini, ga shi babu, sai mutuwar ta yi sauri. Kuma fatar da ba ta ji ba ta san ta ƙone ba. Na taɓa kwance zane daga ƙafar wani dattijo na tarar da fata ta saɓule tun daga idon sawu har ƙwauri, ƴaƴansa suka ce kwalbar ruwan zafi suka ɗaura masa ya kwana da ita, bai ko motsa ba. Tausa ba ta narka guda. Ƙaho da tsaga da sakiya raunuka ne a naman da ba shi da jinin da zai warkar da su, ƙofa ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta. Ɗaga ƙafa a kan matashi shi ma kuskure ne a nan, don ɗan jinin da ke lallaɓowa ta ƙananan hanyoyi sai ya hau tudu. Mutane sun ɗauko wannan daga wani ciwon daban, inda jijiyar da ke dawo da jini ce ta toshe. A can ƙafa kumbura take, da ɗumi, da nauyi, kuma ɗagawa na taimakawa. Shi ma ciwon asibiti ne na ranar, amma ba ɗaya suke ba. Sai maganar da na fi ji a bakin ƙofa: wai daji ne, daji kuwa ba ya son allura. Wannan magana ta ci ƙafafu da yawa. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, a yi su a cikin mota ana tafiya.

Abin da ya kamata a yi a gida kaɗan ne. A kwantar da mutum, ƙafar a miƙe ko ta ɗan yi ƙasa da jiki, a lulluɓe ta da zane sako-sako, a sa abu mai laushi ƙarƙashin dunduniya. Kada a ba shi abinci ko fura, don wataƙila tiyata za a shiga. A riƙe lokacin da abin ya fara, ko da da sallah za a kwatanta, bayan asuba ko kafin la'asar, don tambayar farko ke nan da za mu yi. A kwaso duk magungunan da yake sha. A nemi abin hawa a take, ba sai gari ya waye ba, ba sai babban wa ya dawo daga kasuwa an yi shawara ba. In an isa gidan likita, kada a ce ƙafa ke ciwo kawai a zauna a layi. A ce: ƙafa ɗaya ta yi sanyi lokaci guda, ba ta ji, tun ƙarfe kaza.

Ga abokan aikina da ke CSI, wato ƙananan gidajen likita, da asibitocin gundumomi, Dakwaro ko Mayahi ko Gidan Rumji, ku ne kuke fara ganin masu wannan ciwo, kuma rabin aikin a hannunku yake. Ku taɓa bugu a gindin cinya, bayan gwiwa, bayan idon sawu da kan ƙafa, ku gwada da ɗayar. Ku taɓa wuyan hannu minti guda cur ku ji ko bugun na da tsari. In babu zubar jini a wani wuri, babu sabon rauni a kai ko sabuwar shanyewar ɓarin jiki, ana ba babba heparin yunit 5,000 ta jijiya tun kafin a sa shi a mota, da ƙarin ruwa, da maganin ciwo mai ƙarfi. Heparin ba ya narka gudan da ya riga ya zauna, amma yana hana shi yin jela zuwa ƙasa ya cike ƙananan hanyoyi, kuma wannan kaɗai kan bambanta ƙafar da za a iya gyarawa da wadda ba za a iya ba. Ku buga waya asibitin da za ku tura shi, a san yana tafe, a tabbatar akwai likitan tiyata. Kada a ajiye shi a ce a ga yadda zai kwana.

A asibiti abin da muke dubawa shi ne matakin da ƙafar take. In tana jin taɓi tana motsi, akwai sararin yin hoto a ga inda toshewar take da tsawonta. In ji ya ragu a yatsu kawai, ana sauri amma ba a firgice ba. In ji ya ɓace har sama da yatsu, motsi ya fara rauni, ba a jiran komai, ɗakin tiyata za a wuce. Mataki na huɗu shi ne wanda Inna ta zo da shi: tsoka ta sandare kamar icce, fata ta yi dabbare-dabbare wanda ba ya gushewa in an danna, wani wuri ya yi bororo, babu ji babu motsi.

Aikin da ake yi wa wanda ya zo da wuri ba wani babban abu ba ne a ido. Wani Ba'amurke, Thomas Fogarty, shi ya ƙirƙiro kayan aikin tun yana ɗalibin likitanci, aka wallafa bayaninsa a 1963. Na farkon da ya haɗa, kan yatsan safar hannu ta roba ya yanko ya ɗaure a bakin siririn bututu. Har yau fasalin bai canza ba: bututu siriri mai ƴar balan-balan a baki. Ana tsaga gindin cinya kaɗan, sau da yawa ma allurar kashe wurin kawai ake yi, mutum na farke. A buɗe jijiyar, a zura bututun har ya wuce gudan, a hura balan-balan, a jawo a hankali. Ba zan manta wata mai jego ba, wata biyu da haihuwa, da mijinta ya kawo cikin dare awa uku da fara ciwon. Wata maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya ce ta taɓa ƙafar ta ce kada su kwana a gida. Da muka jawo bututun, gudan ya biyo shi, dogo, baƙi-baƙi kamar an yanko hanta, ya kai tsawon yatsa. Muka sake zurawa sau biyu har jini ya fara dawowa daga ƙasa, muka saki na sama ya yi tsartuwa. Kafin a gama ɗinki na sa hannu a tafin ƙafarta na ji ɗumi na sauka. Da ƙafarta ta fita, da goyonta. Tsakaninta da Inna ba ƙwarewar likita ba ce ko tsadar asibiti, awa uku ce da kwana uku.

Akwai wasu hanyoyin. Ana iya zura bututu har cikin gudan a riƙa ɗiga maganin da ke narka shi, irin alteplase. Wannan yana cin awoyi da yawa, wani lokaci kwana guda ko fiye, yana buƙatar ɗakin hoto na musamman da sa ido dare da rana, kuma yana iya jawo zubar jini, har a ƙwaƙwalwa. Don haka ba na ƙafar da ta fara shanyewa ba ne, ba kuma na wadda ta haihu ko aka yi wa tiyata kwanan nan ba. Wanda jijiyarsa ta daɗe da lalacewa kuma, bututun Fogarty ba ya isarsa, sai an yi masa hanyar kewaye da wata jijiya da aka ciro daga jikinsa ko ta roba. Waɗannan ayyukan manyan cibiyoyi ne. Amma ka yi lissafin hanya: Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, tafiyar yini ce. Kano ta haura kilomita 200, ga tsayawar kan iyaka a Ɗan Isa. Daga Tasawa zuwa nan ma an riga an ci fiye da kilomita 100. Ga ƙafar da awa 6 ce jarinta, likitan tiyata mafi kusa da zai iya buɗe jijiya ya fi cibiya mai nisa komai kayan aikinta.

Ko an yi nasarar buɗe hanya, ba a gama ba. Tsokar da ta daɗe da yunwa, in jini ya dawo mata kumbura take, ga ta a cikin kube mai tauri da ba ya buɗewa, sai ta shaƙe kanta. Shi ya sa in an wuce awoyi da yawa muke tsaga sha-raɓa ta gefe biyu mu bar ta a buɗe kwanaki. Dangi kan tsorata in sun ga wannan, su ce an ɓata ƙafa, alhali shi ke tsirar da ita. Wannan shaƙewar ce kuma ke kashe hannuwan yara da maɗori ya ɗaure da karare tamau bayan karaya. Duk ɗorin da yatsu suka kumbura a ƙarƙashinsa, suka yi sanyi, yaro na ihu in an miƙe su, a kwance shi a take a nufi asibiti.

Nan ne amsar dalilin yankewa take. Mataccen nama yana tara guba: sinadarin fotasiyam da ke fita daga cikin tsoka, da tsami, da wani jan abu na tsoka da ke toshe ƙoda. In likita ya ji tausayi ya buɗe wa matacciyar ƙafa hanya, duk wannan zai kwarara zuwa cikin jiki. Fotasiyam na iya tsayar da zuciya cikin mintoci, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ƙoda ta tsaya. In kuma aka bar ƙafar a jiki ba a taɓa ba, ruɓa za ta hau, zazzaɓi ya shiga jini. Na ga waɗanda suka ƙi yankewa suka koma gida, aka dawo da su bayan mako ba a hayyacinsu ba, wasu ba mu samu ko damar shiga da su tiyata ba. Sama da gwiwa da aka yanke kuma ba ɓarna ba ce. Ana yankewa ne a inda nama ke da jinin da zai haɗe rauni, in an yi ƙasa da haka ɗinki ya ruɓe a sake komawa. Ku da kuka sa hannu a takardar nan kun yi wa Inna gata, ko da zuciyarku ba ta gaya muku haka ba a ranar.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai aiki yanzu. E, zai iya komawa ɗayar ƙafar, kuma ba ƙafa kaɗai ba. In rijiyar da ke fitar da gudan tana zuciya, na gaba zai iya nufar ko'ina. In ya je ƙwaƙwalwa, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Maganin narkawa a nan yana aiki ne cikin awa 4 da rabi, kuma sai an yi hoton kai an tabbatar ba jini ne ya fashe ba, don haka ba a ba mai wannan alama asfirin a gida. In ya je hanji, ciki ya murɗa da ciwo mai tsanani alhali in an taɓa cikin da laushi. Kowanne daga cikinsu, a tashi a lokacin.

Saboda haka kada a tsaya a jinyar dungu. A yi wa Inna gwajin bugun zuciya na takarda, da hoton eko na zuciya, a auna hawan jini da suga. In an samu karkarwar nan ko ƙofa ta tsuke, za a ɗora ta a kan maganin hana jini daskarewa, kuma galibi na har abada ne, ba na wata guda ba. Wanda aka fi samu a farmasin nan shi ne Sintrom, ɗan'uwan warfarin. Yana buƙatar gwajin jini da ake kira INR a kai a kai, ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ƙasa da haka bai kare ta ba, sama da haka jini na iya ɓallewa. Akwai sababbin ƙwayoyi da ba sa buƙatar wannan gwaji, sun fi tsada, amma ga wanda ƙofar zuciyarsa ta tsuke sanadin ciwon maƙogwaron yarinta, tsohon maganin ne ya fi. Asfirin kaɗai ba ya maye gurbinsa, kada wani mai kanti ya ce muku duk ɗaya ne. Ganye kamar zogale da rama da kuka suna rage ƙarfin maganin. Ba a ce ta bar kwaɗon zogale ba, a Maraɗi wa zai iya, amma ta riƙa ci daidai gwargwado kullum, kada wannan mako ta cika kwano mako mai zuwa ta ɗauke gaba ɗaya. Ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla, diklofenak da ibuprofen, ta yi nesa da su, in ciwo ya dame ta farasitamol ne nata. Flagyl da Bactrim suna ƙara wa maganin ƙarfi fiye da kima, don haka duk likitan da zai rubuta mata wani abu a fara gaya masa tana shan Sintrom. In kun ga dasashi na jini, haɓo ya ƙi tsayawa, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ku kai ta a ranar. Ƙaho da tsaga kuwa sun ƙare mata.

Ɗayar ƙafar yanzu ita ke ɗauke da komai. A riƙa duba ta kullum, tsakanin yatsu da dunduniya, kada ta taka ƙasa ba takalmi, kada a yanke farce da reza har cikin nama. In ta ce ƙafar da aka yanke tana mata ciwo ko ƙaiƙayi, ku yarda da ita, ba ruɗewa ba ce kuma ba iska ba ce, ƙwaƙwalwa ce ba ta saba ba tukuna, akwai maganin da ke rage shi. Ta riƙa kwanciya rub da ciki na ɗan lokaci kowace rana don kada dungun ya lanƙwashe a ƙugu, in ya lanƙwashe ƙafar roba ba za ta zauna ba. Sannan ka zaunar da wadda ke kwana ɗaki ɗaya da ita, jika ce ko suruka, ka kama hannunta ka nuna mata yadda ake shafa ƙafa da bayan hannu a ji ɗumi, da inda ake jin bugu a wuyan hannu. Ka sa mata lambar mai motar da za a kira ko tsakar dare ne, ka kuma ware kuɗin mai a ajiye a ɗakin Inna, kada ranar ta zo ana neman rance.